Siyasar ƙetare ma tana cikin tukunyarmu: jawabin shugaban matasa a taron wakilan ƙananan hukumomi

 

Shugaban taro, iyayenmu dattawan jam'iyya da suka zauna tare da mu tun safe, shugabar mata da tawagarta, 'yan'uwana shugabannin matasa na ƙananan hukumomi da na mazaɓu, ina yi muku barka da zuwa. Waɗanda suka taso daga garuruwan bakin iyaka, sannunku da hanya, na san abin da kuka sha a shingayen kan titi kafin ku iso. Yau maganarku za mu yi.

An ba ni minti ashirin in yi magana kan manufofin gwamnati na hulɗa da ƙasashen waje, wato agaji da diflomasiyya da cinikin ƙetare. Da aka sa batun a jadawali, wasu daga cikin manyanmu na ɗaya ɓangaren sun ce ɓata lokaci ne, wai harkar ƙetare ba ta kawo ƙuri'a, talaka taki yake so da tsaro da sauƙin abinci. Shi ya sa daftarin manufofin jam'iyya da kwamiti ya fitar ya ba wannan fanni rabin shafi kacal, a can ƙarshe, bayan wasanni. To ni dai ina girmama su, amma ban yarda ba, kuma zan faɗi dalilina.

Mu fara da Nijar, domin a nan ne abin ya fi taɓa mu. Ranar 26 ga Yulin 2023 sojoji suka kifar da gwamnatin Mohamed Bazoum. A lokacin Shugaba Tinubu bai cika wata guda da karɓar shugabancin ECOWAS ba. Ranar 30 ga watan aka yi taro a Abuja, aka ƙaƙaba wa Nijar takunkumi, aka rufe iyakoki, aka hana jirage tashi, aka kuma ba sojojin wa'adin mako ɗaya su mayar da Bazoum ko a yi amfani da ƙarfi. Cikin 'yan kwanaki Najeriya ta yanke wutar lantarkin da take ba Nijar, wadda ita ce kusan kashi 70 cikin ɗari na wutar da ƙasar ke amfani da ita.

Bari in faɗi wani abu tun yanzu kada a juya mini magana a Facebook da daddare. Ni ba na goyon bayan juyin mulki. Mu 'yan siyasa ne, ranar da soja ya hau kujera mu ne farkon waɗanda za a kora gida, jam'iyyar da muke rigima a kanta ma sai a rufe ofishinta. Tsare Bazoum da iyalinsa da aka yi ba tare da shari'a ba zalunci ne, ko wane ne ya yi shi. Tambayata ita ce, shin hanyar da gwamnatinmu ta bi ta dawo da shi? Kuma wa ya biya kuɗin wannan hanya?

Jihohi bakwai ne ke da iyaka da Nijar: Kebbi, Sakkwato, Zamfara, Katsina, Jigawa, Yobe da Borno, tsawon kimanin kilomita 1,500. Wanda ke zaune a Abuja yana kallon taswira zai ga layi ne kawai. Mutumin Illela kuwa ya san Ƙonni unguwa ce a wurinsa, na Jibiya ya san Maraɗi, na Kamba ya san Gaya, na Mai'aduwa da Kongwalam surukansa suna tsallake. Layin nan Turawan Ingila da Faransa suka zauna suka ja shi, daga 1890 zuwa farkon ƙarni na 20, ba su tambayi kowa ba. Shehu Usmanu Ɗanfodiyo kansa a Maratta aka haife shi, wadda yau take cikin Nijar. Har gobe akwai Sarkin Katsina a Maraɗi, akwai Sarkin Gobir a Tsibiri. To da aka ce an rufe iyaka, abin da aka rufe shi ne kasuwar Maigatari ta ranar Alhamis, da motocin albasa da wake da dabbobi da ke shigowa, da na hatsi da siminti da kayan masarufi da ke fita. Direba ya kwana makonni a gefen titi kaya na ruɓewa a bayansa. Ɗan dako ya rasa abin kai wa gida, mai shayi da mai tuwo a tasha suka naɗe tabarma. Marar lafiya a asibitin Yamai ya kwana cikin duhu. Janar-janar ɗin da aka ce ana hukuntawa kuwa, janaretonsu bai taɓa mutuwa ba.

Kuma jama'a, kada mu manta yaƙi aka so a yi. An rubuta wa Majalisar Dattawa takarda, ranar 5 ga Agusta majalisar ta ce a'a, a bi hanyar sulhu. Sai ga shi waɗanda suka iya buɗe ƙofar Yamai ba masu barazana ba ne. Janar Abdulsalami Abubakar da Mai Alfarma Sarkin Musulmi sun je, tafiyar farko ba su ma ga Janar Tiani ba saboda zafin da wa'adin nan ya haifar. Khalifa Muhammadu Sanusi na II ya je ya gan shi. Tawagar malamai ƙarƙashin Sheikh Bala Lau ta je ta zauna da shi na sa'o'i. Wannan ya nuna mana cewa muna da jarin da babu wata ƙasa a duniya da take da shi a kan Nijar, wato harshe ɗaya, addini ɗaya, da jini. Da shi ya kamata a fara. Sai aka fara da sanda, aka dawo ana neman jarin bayan tuwo ya riga ya huce.

Me aka samu? Ranar 28 ga Janairun 2024 Nijar da Mali da Burkina Faso suka ce sun fice daga ECOWAS. Ranar 24 ga Fabrairu aka janye takunkumin, bayan kusan wata bakwai, ba tare da an saki Bazoum ba, ba tare da an sa ranar zaɓe ba. Ranar 13 ga Maris Najeriya ta ba da umarnin buɗe iyaka. A Janairun 2025 ficewar ta tabbata, ƙungiyar da Janar Gowon da Eyadema na Togo suka yi wa ɗawainiya aka kafa a Legas a 1975 ta koma ƙasashe 12 daga 15. A Maris na 2025 ƙasashen ukun suka sa sabon haraji kan kayan da ke shiga musu, har da na ƙasashen ECOWAS, Nijar kuma ta janye daga rundunar haɗin gwiwa da ke yaƙi da Boko Haram a yankin tafkin Chadi. Wanda ke Damasak ko Sabon Birni ko Tangaza ya san ma'anar wannan. Ɗan bindiga ba ya nuna fasfo. In sojan wannan ɓangare ba ya ɗaga wayar na wancan, dajin da ke tsakani ya zama nasu.

Akwai abin da ya kamata matasanmu su sani game da wutar nan da aka yanke. Kogin Kwara ta Nijar yake biyowa kafin ya iso Kainji da Jebba. Fahimtar da ke tsakanin ƙasashen biyu tun da daɗewa ita ce mu ba su wuta, su kuma kada su tare ruwa a sama. Ranar da ka mayar da wutar makami, ka koya wa maƙwabcinka cewa ya gaggauta gina tasa madatsar, ga ta can a Kandadji an riga an fara aikinta. Kuma a lokacin yaƙin basasarmu, lokacin da Faransa ke taimakon Biyafara, Diori Hamani bai bi uwar gijiyarsa ba, ya tsaya tare da Najeriya, har zaman sulhu ya karɓa a Yamai a 1968. Irin wannan tarihi ba a jefar da shi a taron yini ɗaya.

Nan kuma sai in juyo kanmu, mu 'yan Arewa, don kada a ce ƙabilanci ne ya sa nake magana. A Agustan 2019 gwamnatin marigayi Buhari, ɗan Daura, wanda garinsa ke kallon iyaka, ta rufe iyakokin ƙasa da sunan hana fasa-ƙwaurin shinkafa, ba a buɗe ba sai Disamban 2020. Abin mamaki, wata guda kafin rufewar aka sa hannu kan yarjejeniyar cinikin bai-ɗaya ta Afirka, kuma a Yamai aka sa hannun. Da yawa daga cikinmu muka yi shiru a lokacin saboda namu ne. Shinkafar waje ba ta daina shigowa ba, hanya kawai ta canza, ta koma daji da dare a kan babura, kuɗin ya koma aljihun masu shinge. Ke nan matsalar ta girmi mutum ɗaya. Abuja ta saba ɗaukar iyaka tamkar ƙofar shago da za ta ja ta rufe duk ranar da ranta ya ɓaci, ba ta taɓa zama ta lissafa mutanen da ke ci daga ƙofar ba.

Ga kuma layin dogo na Kano zuwa Maraɗi, kilomita 284, ta Kazaure da Daura da Katsina da Jibiya, wanda aka ƙaddamar a 2021 kan kuɗi kusan dala biliyan biyu. Hikimar aikin ita ce kayan Nijar su riƙa bi ta tashoshin ruwanmu maimakon Kwatano. Aiki ne mai kyau, ni ina goyon bayansa ɗari bisa ɗari. Amma ka ci bashi ka shimfiɗa dogo zuwa gidan mutumin da ba ku ga maciji, wa zai hau jirgin?

Na daɗe a kan Nijar. Bari in taɓa batun agaji.

Ranar 20 ga Janairun 2025, ranar da aka rantsar da shi, Donald Trump ya sa hannu kan dakatar da agajin da Amurka ke bai wa ƙasashen waje, kafin tsakiyar shekara an rushe hukumar USAID. Kafin nan Najeriya ta kasance tana samun kusan dala biliyan ɗaya a shekara daga Amurka, mafi yawansa a fannin lafiya da jinƙai: maganin masu ɗauke da ƙanjamau, gidan sauro, maganin zazzaɓi, da abincin yara masu tamowa. Ingila ma ta rage nata. Gwamnati ta ware dala miliyan 200 a kasafin 2025 don cike giɓin, wannan na yaba, amma ku kwatanta adadin biyu da kanku. Ƙungiyar likitoci ta MSF ta ce a wata shida na farkon 2025 yara 652 suka mutu a cibiyoyinta na jihar Katsina saboda tamowa. Wannan waɗanda aka samu aka kai asibiti ke nan. Hukumar abinci ta duniya kuma ta yi gargaɗin cewa za ta dakatar da ciyar da mutane fiye da miliyan ɗaya a Arewa maso Gabas saboda rumbunta ya ƙare.

Za mu zagi Trump? Kuɗin ƙasarsa ne, jama'arsa suka zaɓe shi ya yi haka. Wanda ya kamata mu tsare da tambaya shi ne namu. A Abujar nan, a 2001, shugabannin Afirka suka yi alkawarin ware kashi 15 cikin ɗari na kasafi ga lafiya. Mu da muka karɓi baƙuncin taron muna yawo ne a wajajen kashi biyar. Gwamnonimu sun bar wa baƙi abincin yaranmu, su kuma suna gina gadar sama a garin da babu cunkoso. Hausawa suka ce guntun gatarinka ya fi sari ka ba ni. Matsayin da nake so jam'iyyarmu ta ɗauka shi ne, mu karɓi agaji daga duk wanda ya kawo cikin mutunci, amma rigakafi da maganin haihuwa da abincin tamowa su shiga kasafinmu a matsayin abin da ba a taɓawa, da jadawalin shekarun da za mu karɓe su gaba ɗaya daga hannun masu ba da tallafi.

Kuma ku sani ƙasar nan ba da ƙoƙon bara aka san ta ba. A Janairun 1976 Janar Murtala ya tsaya a Addis Ababa ya yi fatali da wasiƙar shugaban Amurka kan Angola, Najeriya ta goyi bayan MPLA, Afirka ta biyo baya. A wannan shekarar muka kafa asusu na musamman a Bankin Raya Afirka don ba ƙasashe matalauta rance mai sauƙi. A 1979 aka ƙwace kadarorin kamfanin BP saboda batun Afirka ta Kudu da Rodeshiya. A 1987 aka kafa shirin tura ƙwararrunmu, likitoci da malamai da injiniyoyi, zuwa ƙasashen Afirka da Karibiyan, mu ke biyansu. Sojojinmu sun zubar da jini a Laberiya da Saliyo. Abin da ban gani ba shi ne ribar da ɗan kasuwarmu ya ci a waɗannan wurare. Mun kashe wutar, wasu suka zo suka kwashi kwangilar sake gina gidan.

Wannan ya kawo ni ga ciniki. Ku je Dawanau ku ga riɗi da zoɓo da citta da waken suya ana lodi. Ku je Sharaɗa da Challawa ku ga fatu ana shirya su zuwa Italiya, a can a ɗinka takalmi da jaka a sa musu suna, a sayar da ninkin-ba-ninkin. Komai ɗanye muke fitarwa. Tun 2015 Tarayyar Turai ta hana shigar da busasshen wakenmu saboda yawan maganin ƙwari, fiya-fiyan nan da ake zubawa a buhu. Wannan matsala ce da ɗakin gwaji da malaman gona da jakada mai bin diddigi za su iya warwarewa, amma shekaru suka yi ta wucewa. A ɗaya hannun kuma ku shiga Kantin Kwari ku ƙirga atamfa nawa ce ta Kaduna ko ta Kano, nawa ce ta China. Iyayen wasu daga cikinku a masaƙun Kakuri suka yi aiki har suka yi ritaya, yau ginin jemagu ke kwana a ciki. Ba na cewa a yi faɗa da China, sun ba mu rancen dogon Abuja zuwa Kaduna, muna hawa. Cewa nake duk wanda zai sayar mana da kaya na biliyoyi, a zauna da shi a kan tebur a ce masa wani kaso a nan za ka sarrafa, da yaranmu.

To wa zai zauna a kan teburin? A Satumban 2023 gwamnati ta kira dukkan jakadunmu gida. Aka shafe fiye da shekara biyu manyan ofisoshinmu a duniya babu cikakken jakada, sai a ƙarshen Nuwamban 2025 aka fara aika sunaye Majalisar Dattawa. A cikin wannan tsakani Amurka ta sa wa kayanmu harajin kashi 15, ta rage bizar 'yan Najeriya zuwa ta wata uku shiga ɗaya, ta sa mu cikin jerin ƙasashen da take zargi da tauye 'yancin addini, har shugabanta ya yi barazanar kawo hari. Duk wannan babu jakada a Washington. Ministan harkokin waje na lokacin, Yusuf Tuggar, mutum ne da ya san aikin, kuma da ya fito ya ce Najeriya ba za ta karɓi fursunonin wata ƙasa da Amurka ke son jibge mana ba, na ji daɗi, na faɗa a fili. Amma minista ɗaya ba zai kasance a birane ɗari a lokaci guda ba. Shugaban ƙasa ya yi ta tafiye-tafiye, ana dawowa ana karanta mana alkawuran zuba jari na biliyoyin daloli. Wa aka bari a can ya bi alkawarin har ya zama masana'anta?

Wata magana kuma ga 'yan'uwana matasa, kuma zan faɗe ta ko ba za ta yi daɗi ba. A zanga-zangar Agustan 2024 mun ga yara a Kano da Kaduna suna ɗaga tutar Rasha. Na fahimci fushin, yunwa ce. Amma wanda ya sauke Faransa ya ɗauki Rasha, kaya ya canza, gammon na nan a kansa. Rasha zinariya da yuraniyom take nema kamar yadda Faransa ta nema, China kasuwa take nema, Amurka da ƙasashen Larabawa kowa da abin da ya kawo shi. Najeriya ta shiga BRICS a matsayin abokiyar hulɗa a Janairun 2025, madalla, a shiga ko'ina. Sai dai duk ɗakin da za mu shiga, mu shiga da takardar abin da muke so a rubuce.

Don haka ga abin da nake roƙon wannan taro ya amince mu kai wa kwamitin daftari. Rabin shafin nan ya zama babi cikakke. A rubuta a ciki cewa gwamnatin jam'iyyarmu ba za ta rufe iyakar ƙasa ko ta yanke wa maƙwabciya wuta ba sai an kai maganar gaban majalisa an kuma saurari gwamnoni da sarakuna da 'yan kasuwar jihohin iyaka. Tsarin mulki ya riga ya ce ba a tura soja yaƙi waje sai da yardar Majalisar Dattawa, to rufe bakin abincin mutane miliyoyi ma ya cancanci irin wannan birki. A farfaɗo da hukumar haɗin gwiwar Najeriya da Nijar da aka kafa tun 1971, a ba ta kuɗi da aiki, ko da wane ne ke mulki a Yamai. A sa wa'adin da ba za a wuce ba wajen naɗa jakadu, wata shida ya isa, kuma a riƙa auna kowane jakada da kasuwar da ya buɗe wa kayanmu. Batun kasafin lafiya kuwa na riga na faɗa.

Na san za a ce mana yara ne, mu bar wa manya. Da ladabi nake cewa, kasuwannin da aka rufe mu ne 'yan dakonsu, kuma da an yi yaƙin nan, sa'o'inmu ne za a sa a gaba a ɓangarorin biyu.

Kafin mu tashi, shugabannin matasa na ƙananan hukumomin iyaka, ina so kowannenku ya koma ya zauna da shugabannin kasuwa da na direbobi da na masu dabbobi, ku rubuto mana abin da rufewar 2019 da ta 2023 suka jawo musu, da bakinsu, da adadin shingayen da ke kan hanyarku yanzu da abin da ake karɓa a kowanne. Ku miƙa wa sakatare cikin mako uku, domin mu haɗa da takardarmu kafin kwamiti ya rufe karɓar gyara. Wanda ba ya iya rubutu mai tsawo ya turo saƙon murya ta WhatsApp, za mu rubuta.

Shugaban taro, na ga kana duba agogo, na ci minti biyar ɗin da ba nawa ba, a yi mini afuwa. Allah ya mayar da kowa gidansa lafiya.